Direban da Ya Ba Ni Labarin Taki

Lokacin da Birnin Kebbi take ƙarƙashin Jihar Sakkwato, ni ne wakilin wata ƙaramar jaridar Hausa a garin. Wata shekara manoman shinkafa, tun daga Ambursa har Augie, suka yi ta jiran takin zamani bai zo ba. A takarda an raba shi. A fadama ko buhu ɗaya ba a gani ba.

Wani direban babbar mota ya tare ni a bakin gulbi a Argungu, bayan an sauko daga Juma'a. Ya ce su ne ke kwashe takin daga sito, a sauya masa buhu a wani gida a bayan gari, a tsallaka da shi Nijar. Ya gaya mini hanyar da suke bi, da mai buɗe musu shinge, da attajirin da ke da motocin.

Na ce, "Don mi kake hwaɗa mini?"

"Gonar tsohona ta mutu bana," in ji shi. "Amma in sunana ya hita, cikin gulbin ga za a tsinci gawata. Rantse."

Na rantse masa.

Sati uku ina bin hanyar a kan babur, har na ga motocin da idona. Kwana biyu da fitowar labarin attajirin ya aiko kirana. Na same shi a zaure, ga kawuna, ƙanen mahaifiyata mai sayar masa da albasa, zaune a gefe ya sunkuyar da kai.

Attajirin ya ce, "Kai, wa yab ba ka labarin ga?"

"Alhaji, idona ya gani."

"Idonka bai san cikin sito ba. Akwai munahuki cikin yarana. Hwaɗi sunanai ka tashi lahiya."

Kawu ya ɗago. "Ɗana, hwaɗa mashi mana. So kake ka kashe muna kasuwa?"

Na ce, "Kawu, ku yi haƙuri. Ba ni da sunan da zan bayar."

Daga ranar albasar kawu ta ruɓe a rumfa, babu mai taya ta, shi kuma ya daina amsa gaisuwata. Aka yayyanka mini tayoyin babur. Mai gidan da nake haya ya ce in kwashe kayana. Direbobin kuwa, na ji ana kiran su ɗaya bayan ɗaya ana titsiye su.

Ranar kasuwar Argungu na yi kiciɓis da direban nan cikin yaran attajirin. Kafin in kauce ya ci kwalata.

"Kai na maƙaryacin da ka son raba mu da abincinmu?"

Ya kwaɗa mini mari har hulata ta faɗi, ya tofa mini yawu a riga. Abokansa suka bushe da dariya. Magana ɗaya zan yi a wurin ya halaka, kuma ta zo mini har baki. Na duƙa na ɗauki hulata na wuce.

Na san kansa yake ceto, amma ban taɓa yafe masa ƙarfin marin nan ba. Har yau kunnena na hagu ba ya ji sosai.

An kori ƙananan ma'aikatan sito biyu. Attajirin ya tafi aikin Hajji a shekarar, ya dawo aka tarye shi da jerin motoci. Ni kuma edita ya mayar da ni Gusau, wai don lafiyata. Mahaifiyata kaɗai ta raka ni tasha.