Tafintan Likita

Ni ne ɗan fari a gidanmu, shi ya sa ban taɓa jin sunana a bakin mahaifina ba. Idan yana son hauya sai ya dubi katanga ya ce, "Wani shi miƙo man hauyar ga." Wanin nan ni ne. Haka ake yi a Tajaye, alkunya ce, ba wanda ya ɗauke ta ƙiyayya. Na yi lakwal, wato karatun boko, na zama malamin makaranta a Birnin Konni, har furfura ta fara fito mini, ina nan dai a wani.

Zancen ciwonsa ma a bakin ƙanensa na ji. Baffan nawa ya same ni a ƙofar aji ya ce tsoho ya bar hawan jaki, zama ma sai a kishingiɗe. Kumburi ne a maraina, shekara biyu yana ɓoye shi cikin babbar riga. Duk wanda ya ji sai ya ce gwaiwa ce, ita kuwa gwaiwa a wurinmu abin tsokana ce, ba a kai ta asibiti sai ta hana tafiya. Ashe har baffa ya taɓa kai shi wani asibiti ban sani ba, aka ce kaba ce, aka yanka, aka fitar da dunƙulen kitse. Damina ɗaya abin ya dawo, ya fi na da tauri.

Lokacin girbi ne, baffa ba ya iya barin gona, don haka ni na kai shi Yamai. Yini guda muna cikin mota kafaɗa da kafaɗa. Da ya ji ƙishi, sai ya tambayi direba ko akwai ruwa, ni kuwa gorar tana hannuna.

An yi hoto, an ɗebi tsoka an auna, muka yi ta jira har na daina ƙidaya kwanaki. Ranar da aka kira mu, likitan ba ya jin Hausa sai gaisuwa. Ya bayyana mini da Faransanci cewa ciwon daji ne na kitse, irin wanda ba a cika gani ba, ya kama jijiyar da ɗan maraina yake rataye da ita. Allura ba ta cika cin sa ba, wuƙa ce maganinsa. Sai an cire ɗan marainan da jijiyar da duk kitsen wurin har cikin mara, kuma ko an cire yana iya dawowa. Sannan ya ce in faɗa wa mai jikin, don ba zai taɓa shi ba sai da yardarsa.

Na gaji ƙwarai a lokacin, kuma haushi ya kama ni, na likitan da na baffa da na Tajaye gaba ɗaya. Mutumin da ban taɓa cin tuwo a gabansa ba, shi zan ambata wa maraina? Na so in ce kitse kawai za a sake cirewa, ya farka ya ga sauran da kansa. Amma an riga an yanka shi sau ɗaya bai san abin da ake nema ba. Na kafa ido a ƙasa.

Sai na ji tsoho ya gyara murya. "Tahinta," ya ce. Na ɗaga kai, na ga ni yake kallo, cikin ido. "Kai dai aikin likita kaka yi. Hwaɗa man abin da ya ce, kak ka rage komi."

Na faɗa masa duka, ban sakaya ba. Ya tambayi tafinta ko zai iya durƙuson noma bayan aikin, ya tambaya ko ciwon yana bin jini ya kama ɗiya. Likita ya ce noma zai yiwu, ɗiya kuma ba a san shi da bin su ba. Tsoho ya ce, "To. A cire." Muna fita daga ɗakin ya dubi bango ya ce wani ya nemo masa takalmansa.

An yi aikin, ya warke, ya koma gona. Amma duk bayan wata shida sai mun koma Yamai a yi hoto, a duba ko abin ya dawo. Na gaji da hanyar nan, na gaji da neman izini wurin shugaban makaranta, na gaji da benci da warin asibiti. Shi ma ya rame, ya fara cewa a bar wa Allah.

A ɗakin likitan kuwa hira yake yi da tafinta, wato ni. Bara ya tambaye shi ko yana da iyali, ya ce tarin nan da yake yi ya kamata a duba. Zuwanmu na baya likita ya ce hoto ya yi kyau, daga yanzu sau ɗaya a shekara ya isa. Na fassara masa, ya yi hamdala. Ni ma na yi, amma ban ji daɗin da ya kamata in ji ba. Sai baɗi zai sake yi mini magana.