Mama Deborah da Buzayen Alhaji Babaji

Duk wanda ya ƙara ce min cike takardar kwastan aikin zaman inuwa ne, wallahi Ƙofar Guga zan tura shi ya gaida Mama Deborah. Gidanta na kallon namu. 'Yar Kagoro ce, aure ya kawo ta Katsina, ta shekara goma sha biyar tana buga tafireta a wata ma'aikata. Shekarar da soja suka koma bariki, farar hula suka karɓi mulki, ta ajiye aikin, ta ɗauki tafiretarta ta zama ejan. Fatake su kawo kaya daga Nijar, ita ta rubuta wa kwastan ko mene ne, a san layin kuɗin fito da zai hau.

Ni lokacin ina goye. Daga bakinta na ji labarin nan, na kuma ji daga bakin Alhaji Babaji, dillalin fata a Babbar Kasuwa, kuma bakinsu ya zo ɗaya, abin da ba su saba ba.

Ga yadda abin yake. A takarda, ɗanyar fata daban, jemammiya daban. Ɗanyar ma sai ka faɗa ta tumaki ce ko ta awaki, da gashinta ko an cire, gishiri aka zuba mata ko shanya ta aka yi. Shi kuwa Alhaji ba ruwansa da wannan. Shi dai ya san fatar ragon Uda, ya san ta Balami, ya san wadda wuƙar mahauci ta huda. Shi da Mama sun sha faɗa a kan haka.

Layyar farko a mulkin farar hula, tsakiyar bazara, Alhaji ya taro fatun raguna cike da mota daga ƙauyukan Maraɗi. Mama ta tambaye shi sau uku: "Alhaji, duk ɗanyu ne?" Ya ce duk ɗanyu, da gashinsu, da gishirinsu. Ta buga, ta sa hannu, ta ɗauki tafiretarta ta bi motar.

A bakin iyaka jami'in kwastan ya kwance ɗauri na farko. Ya zura hannu sai ya jawo buzu, jemamme, fari tas, irin wanda malamai ke zama a kai. Ya dubi takarda, ya dubi Mama.

"Madam, wannan ne ɗanyen?"

Ashe Alhaji yana da al'ada tun ta ubansa. Duk lodin da zai yi sai ya cusa buzaye nan da can a cikin ɗaurruka, sadakar malaman masallacin Gobarau, don kayan su iso lafiya. Bai gaya mata ba, don a wurinsa buzu ba haja ba ce.

Jami'in bai yi faɗa ba. Cewa ya yi a faɗa masa guda nawa ne a gyara takarda. Alhaji ya gyara hula.

"Yallaɓai, ba a ƙirga sadaka."

"Alhaji, ka rufa min asiri," in ji Mama. "Sunana ne a takardar nan. In ta zama ƙarya, izinina na ejan za a karɓe."

"To mi zan ce, Maman Peace?" in ji shi, don da sunan 'yarta yake kiranta. "Hannuna ya sa, idona bai gani ba."

"Hannun nan naka, ranar sayar da fata ai yana gani!"

Jami'in ya ce to mota ta koma gefe sai an tantance. Kuma ɗanyar fata ba ta san jira ba. Ta ƙara yini biyu a zafin nan, gashi ya fara tsigewa, majema ko kallonta ba za su yi ba.

Nan Mama Deborah ta cire takalmin ofis, ta ɗaure hanci da ɗankwali, ta ce a sauke mota. Matar da ko kifin da ya kwana ba ta yarda a shigar mata gida! Direban, Gwadabe, yana miƙo mata, tana lanƙwasawa ɗaya bayan ɗaya. Ɗanya nauyi gare ta, ga danshin gishiri, ga wari. Buzu kuwa laushi kamar zane, da ƙanshin bagaruwa. Ƙudajen garin duk sun zo kallo. Alhaji ya koma gindin bedi ya juya baya, wai kada ladansa ya ragu.

Buzu goma sha uku ta tsamo. Ta kuma ci karo da fatun awaki huɗu da suka shiga cikin raguna, ta ɗaga su sama.

"Alhaji, waɗannan ma sadaka ce?"

"A'a, waɗannan ɓatan kai suka yi."

Har jami'in sai da ya ƙyalƙyale da dariya. Ta ɗora tafireta a kan mota ta sake bugawa: ɗanyun fatun tumaki layinsu, na awaki layinsu, jemammu nasu layin. Kafin la'asar aka buga hatimi. Ko fata ɗaya ba ta lalace ba, izininta kuma yana nan. Baba Joshua, mijinta, ya ce sati guda a tsakar gida take cin abinci saboda wari, ita ta ce kwana biyu ne, ya daina ƙari.

Shekara ta zagayo, Alhaji ya zo ofishinta da buhu daban a kafaɗa. Ya ajiye a gabanta, ya rufe ido da hannun riga.

"Ƙirga, Maman Peace, amma a zuci. In kin gama ki rubuta, kada ki karanta min."