Hannun da na sa wa Malam Isuhu

Wahala dai mun sha ta a gidan hayan nan na Hyattsville. Shekara uku a jere sanyi na zuwa hitar ɗumama ɗaki ba ta aiki, da rigar sanyi da safa muke kwana, ga ɓeraye sun fi mu sanin kicin ɗinmu. Yau shekara bakwai da rasuwar wanda ya fid da mu, maƙwabcina Malam Isuhu, mutumin Maraɗi, direban tasi kamar ni. Allah ya jiƙansa.

Shi ya nemo mana wata lauya. Ta ce a ƙasar nan mutum ɗaya yana iya kai ƙara a madadin duk waɗanda abu ɗaya ya dama, amma dole sunan wani ya hau takarda. Kowa ya sunkuyar da kai, har da ni, don tsoron kada masu gidan su ƙi sabunta masa haya. Isuhu ya ce a rubuta nasa, ga shi da yara huɗu.

Da alƙali ya yarda a saurari ƙarar a madadinmu duka, aka aiko wa kowane ɗan haya wasiƙa. Karatuna bai yi nisa ba, girman kai kuma ya hana ni tambaya. Na ga wurin sa hannu a shafin ƙarshe. A wurinmu, in ɗan'uwanka ya shige gaba ba ka yin shiru, ko rakiya ce ka yi masa. Na rattaba hannu na aika, har ina murna na wanke kunyata. Ashe nasu tsarin a juye yake: wanda ya yi shiru yana ciki, wanda ya sa hannu ya fitar da kansa.

Yanzu ta waya irin wasiƙun nan ke zuwa, mutane na dannawa ba su karanta ba. Da yana nan, da ya ƙwace wayoyi da yawa. Gidan an gyara shi albarkacin shari'ar, sababbin 'yan haya suna barci cikin ɗumi, ba su san sunansa ba. Ba na jin zai damu. Mu dai ya bar mana ɗabi'a: har yau in takardar kotu ta zo wa ɗayanmu, sai an zauna an karanta ta da ƙarfi.

Ni ne dalili. Ranar da lauyar ta nuna masa sunayen waɗanda suka janye, ya tare ni a wurin ajiye motoci, fuska a murtuke.

"Malam Garba, tsoro ne ko sayen ka aka yi?"

Na ce, "Wane irin tsoro? Ni fa na fara sa maka hannu!"

Ya tsaya yana kallona, sai dariya ta ƙwace masa har da dafa mota. "Allah ya raba ni da irin goyon bayanka. Jibi za a miƙa wa alƙali sunayen, sai ka san yadda za ka yi."

Washegari ban fita aiki ba. Ƙarfe bakwai ina zaune a ƙofar ofishin lauyar. Da ta kawo takardar mayar da sunana, sai da ta karanta mini ita layi-layi har sau biyu kafin na karɓi biro.