Jakar Auta da Ba a Goge Ba

Ƙarfe bakwai saura kwata, kafin mai shara ya gama da baranda, Malama mai kula da ɗakin karatun makarantarmu ta riga ta buɗe tagogi, ta yaye ƙyallen da take rufe kwamfuta da shi, ta kunna ta. Tsohuwar kwamfuta ce, sai ta yi gurnani na minti biyar kafin ta farka. Malama ba ta taɓa yi mata faɗa ba. A wannan ɗan lokacin take goge gilashinta, ta fere fensir.

Daga nan sai ta buɗe manhajar tattara labarai. Ga wanda bai sani ba, yawancin shafukan intanet suna da wani ɗan adireshi da ake ɗauka a saka a irin wannan manhaja. Da an saka shi, duk sabon abin da shafin ya wallafa zai iso da kansa, ba sai ka bi shafuka ɗaya bayan ɗaya ba. Malama ta tara shafukan jami'o'i, da makarantun koyon aikin jinya, da hukumomin jarrabawa, sun fi ɗari biyu. Ta karanta, ta buga a takarda, ta manna a allon bakin ƙofa. Shi ya sa ɗalibai suke kiran ta Uwar Sanarwa.

Malamin lissafi yakan leƙo ya tsokane ta: "Malama, yau me tsohuwar taki ta yi mafarki?"

"Ta ce jarrabawar da ka cika yara da tsoron gobe ce, an ɗage ta zuwa makon sama. Je ka ba su haƙuri."

Abin da ya fi ba ni mamaki sai bana na gan shi. Kowa yana raba shafukansa a jakunkuna bisa fanni: ilimi, lafiya, wasanni. Ita kuwa bisa mutane ta raba nata. Ga jakar Dogo mai son injiniya, ga ta 'Yan Biyu, ga ta Sarkin Surutu da ke mafarkin zama lauya. Duk ɗalibin da ya taɓa zama gabanta ya faɗi burinsa, ta buɗe masa jaka, ta zuba shafukan da suka shafe shi. Ko ya gama makaranta, ba ta gogewa.

A cikinsu akwai jakar Auta, 'yar telan da ke bayan kasuwa. Sau biyu Auta tana neman makarantar koyon jinya. A karo na biyu aka sa ta cikin masu jiran gurbi, aka ce za a neme ta. Wata bakwai shiru. Yarinya ta naɗe takardunta, ta zauna kan keken ɗinkin babanta.

Wata Talata da safe, lamba ɗaya ta bayyana a gefen jakar, alamar sabuwar sanarwa ta shigo daga makarantar. Gurbi ya samu, amma duk wanda bai kai kansa da takardunsa ba zuwa ranar Alhamis, an ba wani. Mai gadi ya rantse cewa a shekara ashirin da shida bai taɓa ganin ɗakin karatu a kulle da safe ba sai ran nan. Malama ta wuce shi da takarda a hannu, ko gaisuwarsa ba ta amsa ba.

Telan da bakinsa ya ba ni sauran labarin.

"Malama, don Allah ki bar yarinyar nan ta huta," in ji shi. "Sau biyu tana dawo min da kuka. Yanzu ta iya saka hannun riga, har ta fi ni. Kuma ai an turo a waya cewa an rufe ɗauka bana."

"Baban Auta, wa ya turo?"

"Ƙanin surukin maƙwabcina."

"To ni makarantar ce da kanta ta faɗa, ƙarfe shida da minti goma na safiyar nan. Sa gilashinka. Sunanta ne na goma sha bakwai a jerin."

Keken ɗinki ya tsaya. Auta ta karɓi takardar, ta bi ta da yatsa har sau uku. "Malama, shekara biyu fa da na bar makaranta. Ashe kina tune da ni?"

"Ke kika daina dubawa, 'yata. Ni ban daina ba."

Yau Auta ce ke auna jinin rabin malamanmu a asibiti, har da malamin lissafi, wanda yake rufe ido idan ya ga allura.

Malama, ke ce kika mayar da na'ura mai sanyi ta zama kunnen uwa. Ke ce ba ki taɓa manna jita-jita a allonki ba, sai abin da ya fito daga bakin mai shi. Uwar Sanarwa, ƙarshen watan nan za ki ajiye aiki, kuma har yanzu ba mu san adadin waɗanda suka shige ta ƙofar da kika hango musu ba. Mun gode. Allah ya saka miki, ya ba ki hutu mai daɗi. Mu kuma da muka rage, kowa ya zaɓi ko da mutum ɗaya ne, ya riƙa duba masa hanya bayan shi ya gaji da dubawa.

Makon jiya Malama tana miƙa aiki ga sabuwar da za ta gaje ta. Sabuwar ta bi jakunkunan da ido, ta ce, "Malama, in share ta Auta ko? Ai ta zama nas."

Malama ta dafa hannunta.

"Bar ta. Ta ce min tana son karatun ungozoma."