Kifin da 'Yata Ta Kai Ni Gani

Ɗana ya rasu a tsakiyar damina. Ya bi abokansa wanka a kogin da ke bayan Kafanchan, ruwa ya ja shi. Mazan unguwarmu da matasan majami'a suka kwana suna haska kogin da tocila, ni ina tsaye a gaɓa da zane ɗaya. Sai da gari ya waye aka same shi maƙale cikin saiwar itace.

Bayan jana'iza na daina zuwa zumuntar mata. Cittar da na shuka ta ruɓe a ƙasa ban tona ba. 'Yata, yayar marigayin, tana aikin jinya a ƙasar waje. Ta yi ta kira har ta gaji, sannan ta aiko mini da tikitin jirgi.

"Mama, ki zo ki sha iska kawai. Ba zan dame ki da tambaya ba."

Na je don kada ta ce na ƙi ta. Da ta sami hutu sai ta kai ni wani tsibiri. Ban taɓa ganin teku ba sai ranar. Wata yamma ta ce za mu shiga ƙaramin jirgin ruwa, a kai mu ganin wani kifi da ake kira manta, mai zuwa wurin hasken fitila bayan faɗuwar rana.

Na ce, "Cikin ruwan za mu shiga?"

"A sama kawai za ki kwanta, Mama. Akwai rigar da ba ta barin mutum ya nitse."

Daga baya na ji cewa abokiyar aikinta ce ta ba ta shawara, wai idan na shiga ruwa na fito lafiya, tsoro zai sake ni. Ba tsoro ke damuna ba, amma ban san yadda zan gaya mata ba.

Jirgin cike yake da baƙi, suna ta dariya da ɗaukar hoto. Mai jirgin ya ɗaura mini rigar, ya sa mini gilashi a fuska, ya ba ni wani bututu in cije in riƙa numfashi ta ciki. Aka saukar da wani faffaɗan allo mai fitilu a ƙarƙashinsa, kowa ya kama gefe, muka kifa fuska cikin ruwa.

Da farko ƙananan ƙwari ne kawai ke yawo cikin hasken, kamar shinge a gindin fitila. Can sai ga kifin ya taso daga ƙasa. Faɗinsa ya fi babbar tabarma, bayansa baƙi, cikinsa fari, yana kaɗa fikafikai a hankali, baki a buɗe. Ya zo dab da ƙirjina, ya juya, ya koma. Wasu suka biyo shi. Ina jin mutane suna gunji ta cikin bututunsu. 'Yata ta damƙe hannuna.

Ni kuwa idona ya wuce kifin, ya tafi can inda hasken ya ƙare. Baƙi ƙirin, babu iyaka. Na ce a raina, ashe wannan yarona ya gani, shi kaɗai, ba riga, ba wanda ya riƙe shi. Ɗaya hannuna ya saki allon ya kai kan igiyar rigata. Na daɗe ina taɓa ƙullin. Ban kwance ba, amma ba don na tuna wani abu mai kyau ba. Hannun nawa ne ya sandare da sanyi.

Da muka hau jirgi 'yata ta lulluɓa mini tawul.

"Kin ga ikon Allah, Mama?"

"Na gani."

"Ya yi kyau, ko?"

"Ya yi kyau."

Ta daɗe tana kallona. Ta ce, "Mama, ni ma fa ƙanena ne."

Na san ya kamata in jawo ta jikina. Na zauna ina kallon ruwa yana ɗiga daga gashinta har muka iso gaɓa.

Da na dawo gida Fasto ya ce in tashi a sujada in ba da shaidar tafiyata. Na ce masa maƙogwarona na ciwo. 'Yata tana kira ranar Lahadi da yamma. Takan tambaya ko an kawo wuta, ko na ci abinci, in ce e. Daga nan sai ɗayarmu ta ce layin ba ya da kyau.