Layin da Mai Bango Ya Ƙi Ja

Shekararsa sittin da huɗu, talatin da ɗaya daga ciki ya yi su ne yana zana taswirar jihar nan a bangon makarantun firamare. Mai Bango ake ce masa. Ba shi da shago. Kayan aikinsa gwangwanin fenti biyar ne, da burushi, da igiyar awo, da wani tsani mai naɗewa da yake ɗaurewa a bayan babur.

Jihar tana da girma. Mota kan yi yini biyu daga dazuzzukan kudu zuwa duwatsun arewa, kogi ɗaya ya ratsa ta a karkace. Mai Bango ya shiga kowane lungu nata, don ba ya zana wurin da bai taka ba. Ya ce mutanen kudu kan tsaya a bayansa su yi ta yi masa gyara, na tsakiya su tambaye shi wa ya aiko shi, na duwatsu kuwa sai ya gama tsaf sannan su ce garinsu ya fi haka girma. Bai taɓa cika sati biyu a gida ba. Matarsa ta ce ko a zaune yake, ƙafarsa ba ta daina motsi.

Shekara goma sha ɗaya da suka wuce gwamnatin tarayya ta gyara iyaka, aka yanke wani tsinin ƙasa ta gabas, ƙaramar hukuma guda, aka ba jihar maƙwabta. A cikin tsinin nan garinsu yake, can aka haife shi, can kuma yayarsa take zaune har yau. Mai Bango ya ci gaba da zana tsinin kamar ba a yi komai ba, babu wanda ya tanka.

Sai bana. A jarrabawar 'yan aji shida aka tambayi yawan ƙananan hukumomin jihar. Amsa ashirin da shida ce, amma yaran wata makaranta duk suka rubuta ashirin da bakwai, don a bango suka ƙirga. Hedimasta ya aika aka kira shi.

"Baba, bangonka ya kayar min da yara."

"Bangon gwamnati ne. Ni fenti kawai na shafa."

"To fentin ne ya yi ƙarya. Ofishin ilimi sun ce ko ka gyara kafin a dawo hutu, ko a ba masu buga takarda su liƙa tasu taswirar, a nan da sauran makarantun duka."

"Masu buga takarda sun san inda kogi ya lanƙwasa?"

"Sun dai san inda iyaka take, Baba."

Sau uku yana zuwa da farin fenti. Ya hau tsani, ya ƙara wa kogi shuɗi, ya gyara wani harafi da bai lalace ba, ya sauko. A gida ya kasa zama, daga zaure zuwa tsakar gida, daga nan zuwa bakin titi. 'Yarsa, wadda take aikin jinya, ta gaji da kallonsa.

"Baba, layi ne fa za ka ja, ba ƙafa za ka yanke ba."

"Ban ga iyakar da idona ba."

"Duk zuwan da kake yi wurin Gwaggo ta sama kake bi?"

"A mota nake wucewa. Ban taɓa sauka ba."

Ranar Laraba ya shiga mota, da aka kai iyakar ya sauka. Iyakar wani ginshiƙin siminti ne da bai kai gwiwa ba, a tsakiyar gona, an ɗaure akuya a jikinsa. Mai gonar yana noma hagu da daman ginshiƙin. Daga nan Mai Bango ya taka da ƙafa zuwa gari.

Yayarsa na ganinsa ta ce, "Auta, ka shigo ƙasar mutane ba takarda?"

Ya zauna a bakin tabarma ya faɗa mata abin da ke tafe da shi. Ta saurara har ya gama.

"Wato shekara goma sha ɗaya kana riƙe da mu a bango. Rijiya nawa kuka haƙa mana? Waɗanda suka karɓe mu sun yi mana titi har ƙofar kasuwa. Don Allah sake mu mu sha iska."

"Kabarin Inna fa, Yaya?"

"Inna tana nan inda ka bar ta. Babu wanda ya je ya gaya mata an ja layi."

Bai kwana ba, ya bi motar yamma ya juyo. Ranar Asabar ya shafe tsinin. Sai da ya shafa farin sau biyu, don koren ƙasa ya yi ta leƙowa. Ya buga igiya, ya ja baƙin layi miƙe, hannunsa bai karkace ba. Hedimasta ya duba, ya ƙirga da yatsa, sannan ya miƙa masa jerin sauran makarantun da ke da tsohon zane, guda arba'in da uku, kuma saura sati biyar a dawo hutu.

Jiya ya shafe na uku, a wata makaranta kusa da gadar kogi. Ya wanke burushinsa a bakin famfo, ya kama hanyar ta huɗu ko abinci bai tsaya ci ba.