Kujerar da Baba Ya Ƙi Cire wa Leda

Wata rana, saura mako biyu a kama azumi, na shiga wani ɗan shagon buga takardu a wajen Gyaɗi-Gyaɗi. Takardar rantsuwa nake so a buga min, ta gyaran suna.

Mai shagon dattijo ne, zai yi sittin da ɗoriya. Gajere, mai farin gemu, tabarau a bakin hanci. Maƙwabtansa na kiransa Malam Sallau.

Yatsunsa kuwa, tabarkalla. Ko kallon kibod ba ya yi. Ya ce min tun zamanin tafireta yake wannan sana'a, shekara talatin da huɗu ke nan.

Amma ni kujerarsa ce ta ɗauke min hankali.

Irin mai tayoyin nan ce, mai juyawa, bayanta raga-raga, wadda sai a ofishin manajan banki kake gani. Ita kaɗai ta fi duk abin da ke shagon kyau.

Kuma har yanzu da ledarta. Mazauni a naɗe, majingini a naɗe, hannuwa a naɗe.

Kun dai san halinmu. Mu sayi mota, leda ta shekara a kujera. Mu sayi talabijin, rimot ya tsufa a cikin leda. Ban ga laifinsa ba, ni ma nawa rimot ɗin yana cikin tasa.

Abin da ya dame ni zamansa ne.

Kujerar tana can sama, yadda aka ciro ta daga kwali. Ƙafafunsa ba sa kai ƙasa, sai kan yatsu. Santsin leda yana ta zamo da shi gaba, don haka a baki-baki yake ɗosane, bayansa ko taɓa majingini ba ya yi. Ya rankwafa kan tebur, wuya a tanƙware.

Ya buga layi biyar, ya tsaya, ya dafe ƙugu, ya ce wash. Warin man zafi ya cika shagon.

Na ce, "Sannu Baba. Baya ne?"

Ya ce, "Tsufa ne, ɗan nan. Da an yi sallah ma zan miƙa wa wanda ya ba ni hayar shagon mukullinsa. Jiki ya ce ya isa haka."

Da murmushi ya faɗa, amma na yaƙe ne. Wallahi sai da na ji tausayinsa. Mutumin nan yana son aikinsa, ka gani ko daga yadda yake share kibod da hannun riga.

Na tambaye shi yaushe ciwon ya tsananta. Ya ce wata huɗu ke nan.

Na ce, kujerar fa, yaushe ta zo?

Ya ce ita ma za ta yi haka.

Ni kuwa kun san ni da shisshigi. Kuma na san ciwon nan ciki da bai. Shekara biyu na yi ina fama da shi, sai da wata likitar gashin ƙashi ta zaunar da ni, da gemuna, ta koya min zama kamar ɗan wata shida.

Na hango tsohuwar kujerarsa ta katako a lungu, an jibga mata takardu. Na ce me ya sa bai koma kanta ba.

Ya shafa hannun sabuwar, ya ce, "Yarinyar nan ce ta aiko min daga Abuja. Albashinta na farko."

Bai kama sunanta ba. Nan na gane 'yar fari ce.

Na ce, "Ta san tana sa ka ciwo?"

Ya ce, "Haba! Yarinya ta hana kanta ta saya min, in buɗe baki in ce ba ta yi ba? Ai yaba kyauta tukwici."

Na leƙa ƙarƙashin kujerar. Ga 'yan ƙarafunan da ake ja a ɗaga ta ko a sauke ta, har yanzu a ɗaure da robar kamfani. Ba wanda ya taɓa su. Ya ce abin da bai san kansa ba, ba zai je ya ɓalla ba.

Na ce, "Baba, a ba ni izini in ɗan gyara ta daidai jikinka."

Ya kalle ni ta saman tabarau.

"Kyauta ake gyarawa? Ai kamar na ce ba ta iya zaɓe ba ne."

Na ce, "Da shadda ta aiko maka, yafawa za ka yi, ko tela za ka kai wa ya auna ka?"



Sai ya fashe da dariya, har tabarau na neman faɗuwa.

"Kai ɗan nan, bakinka da kaifi. To, bismillah."

Ledar dai bai yarda na taɓa ba. Da kansa ya warware ta a hankali, ya ninke, ya sa a durowa. Ni na tsinke robar da almakashinsa.

Na ce ya zauna sosai, ya matsa har bayansa ya haɗu da majingini. Na ja ƙarfen farko. Kujera ta yi fuuu, ta sauka da shi.

Ya riƙe tebur da hannu biyu. "Innalillahi! Ka sace mata iska!"

Da kyar na iya tsayar da dariya na ce ya dubi ƙasa. Tafin ƙafarsa biyu sun zauna daram, gwiwa ta yi daidai da ƙugu.

Akwai wani ɗan matashi a jikin majinginin, mai hawa da sauka. Na zamo da shi zuwa kwarin bayansa, daidai inda yake dafewa. Hannuwan kujerar ma na sauke su har kafaɗunsa suka saki, gwiwar hannunsa ta zo daidai da tebur. Fuskar kwamfutar ta yi ƙasa da yawa, muka ɗora ta kan bandir ɗin takarda.

Duka-duka minti goma ba mu yi ba.

Ya jingina. Ya lumshe ido. Can ya ce, "Ashe haka ake zama."

Muna cikin haka wayarsa ta yi ƙara. Kiran bidiyo ne. Ya ce ita ce, kullum in ta fito hutun azahar sai ta kira. Na matsa gefe, amma shagon ƙarami ne, ina jin komai.

Suka gaisa. Sai ta tsaya.

"Baba… ka cire ledar?"

"Na cire."

Ta ce, "Wallahi Baba, kullum na kira na ga ledar nan sai gabana ya faɗi. Na ɗauka ba ka so ta ba ne, kara kawai kake min. Na kasa tambayarka."

Dattijo ya cire tabarau ya goge ido.

"Wa ya ce miki? Ai don ina ji da ita ne."

Jama'a, wata huɗu fa. Shi yana cije ciwo don kada ranta ya ɓaci, ita tana haɗiye damuwa don kada ta takura shi. Kowa yana yi wa ɗan'uwansa kara, kuma kowa yana shan wuya.

A nan ya gaya mata zancen bayan. Ta yi masa ɗan faɗa irin na 'ya da uba, cikin ladabi, ta sa ya yi alkawarin zuwa asibiti.

Bayan sallah na bi ta layin da gangan.

Ba zan ce muku ya warke sarai ba, shekara sittin ba wasa ba ce. Ya ce yana zuwa gashi, kuma likita ya sa shi tashi ya ɗan taka bayan kowane rabin awa.

Amma shago a buɗe yake. Mutum uku na jira a benci, yatsun nan suna ta gudu. Da ya gan ni ya washe baki, ya ce, "Mai kaifin baki! Zauna ka bi layi kamar kowa."

Na zauna, raina fes.

Darasi: Ba duk abin da ke ba ka wahala ne mugu ba, wani gyara kawai yake jira. Kuma wanda ya yi maka kyauta don ka ji daɗi ya yi, ba don ka adana ba. Kara tana da kyau, amma in ta kai ga kana cutuwa ka yi shiru, to ka cuci kanka, ka cuci mai ƙaunarka.

Tura wannan ga wanda ka san yana haƙuri da abin da magana ɗaya za ta gyara. In kuma a kan kujera kake karantawa, leƙa ka gani ko ƙafarka ta kai ƙasa.